Turakun Sabis Ba Sa Zaman Ofis

Na san ku, 'yan gardama. Da an ce halin gidan kamfani, wato yadda ake ba da umarni da yadda ake kallon mai saye, na iya ɗaga shi ko kayar da shi, sai ku taɓe baki: "Haba malam, kuɗi da turakun sabis ne magana, sauran surutun taron bita ne." To, ku gyara zama.

A 2001 MTN da Econet kowacce ta zuba dala miliyan 285 ta karɓi lasisin GSM a Najeriya, aka ware wa NITEL nata. Wa ya kai NITEL gata? Gwamnati ce uwa da uba, ga gine-gine a manyan garuruwa, ga injiniyoyi birjik. Amma gidan da ya saba mai neman layi ya cike fom ya yi ta sintiri shekara da shekaru, ina zai iya tsere da masu sayar da layi a ƙarƙashin laima a bakin titi? Ƙarshenta sai da aka sayar da kadarorinta.

Globacom ta shigo a 2003, turakunta ba su kai na MTN ba. Lissafin daƙiƙa ta zo da shi: ka yi maganar daƙiƙa goma, ka biya kuɗin goma, ba a zaftare maka minti guda cur ba. Manyan sun ce abin ba zai yiwu ba tukuna. Ba a jima ba sai ga su a sahu. Ashe ba na'ura ce ta hana ba.

Alhaji, miƙo yatsunka mu ƙirga sunayen da kamfani ɗaya ya yi ta sauyawa: Econet, Vmobile, Celtel, Zain, sannan Airtel a 2010. Masu hannun jari na ta shari'a, mai sayar da kati na ta sake fentin rumfa.

Etisalat kam, bashin dala biliyan 1.2 ne ya mayar da ita 9mobile a 2017. Nan kam kuɗi ne: kun ci maki ɗaya, amma kada ku kira makaɗa.

Don a 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04, daga baya aka rage zuwa biliyan 330, saboda layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista da ba ta rufe a kan lokaci ba. Ku gaya mini, turke ne ya ji wa'adin ya yi biris, ko masu kwat da ke ofis?