Alhaji, An Gayyace Ka Cin Abincin Turawan Indiya

Mutumin Mubi ba baƙon tafiya ba ne. Wanda ya saba loda shanu a tike ya bi tirela har Legas ko Fatakwal, ko ya tsallaka ta Sahuda ya ci kasuwa a Kamaru ya dawo kafin magariba, ba a koya masa shiga gari. Amma akwai ƙofa guda da ke sa gwiwar manyan alhazai ta yi sanyi: ƙofar gilashi ta gidan abinci mai tsada, wadda mai gadi ke buɗewa yana rusunawa. Gayyatar kuwa yanzu ta yawaita. Yaro ya gama karatu a Ingila ya ce lallai sai Baffa ya zo bikin yaye ɗalibai. An kai Hajiya asibiti a Delhi ko Cennai, Allah ya ba da sauƙi, likita ya ce a fita a sha iska. Abokin ciniki a Abuja ya ce a haɗu a Wakkis da ke Wuse II. To Alhaji, ga ɗan guzuri, don ina so ka shiga da kwarjininka ka fito da shi, kuma cikinka a cike.

Fara da sanin abin da za ka ci. Turawan Ingila sun shiga Indiya da sunan ciniki, ƙarƙashin kamfanin da suka kafa a 1600, suka zarce da mulki har 1947. A wannan dogon zama wasunsu sun auri matan ƙasa, aka samu zuriya mai jini biyu, Kiristoci masu jin Turanci, da yawansu ma'aikatan jirgin ƙasa da gidan waya. Abincin gidajensu, da abin da kukun Bature ya ƙirƙiro a kicin ɗin bariki, shi ne wannan girki. Matar Bature ta ce tana son romon sha kafin abinci yadda aka saba a garinsu. Kuku Batamile ya ɗauko ruwan barkono da tsamiya da su suke zubawa a kan shinkafa, ya ƙara nama, ya kaurara shi, ya rage masa zafi, ya kawo a kwano. Shi ne maligatoni da za ka gani a saman takardar abinci. Shinkafa da adas da talaka ke ci aka sa wa kifi da dafaffen ƙwai, ta koma kejari, karin kumallon manya.

Wannan labari bai kamata ya zame maka baƙo ba. Ka fito daga garin da ya ga Fulani, ya ga Jamus, ya ga Ingila tana riƙon amana, sannan a Fabrairun 1961 ya kaɗa ƙuri'a ya zaɓi Najeriya. A kasuwarku mutum na ciniki da Bagude da Bafali da Bamargi da Bafulatani kafin hantsi, kowa da harshensa, kuma a rabu lafiya. Girkin da aka haifa a kan iyaka ba zai gagari ɗan kan iyaka ba. Gwamna Lugga kansa a Madaras ta Indiya aka haife shi a 1858. Hodar kori ɗin nan da Hajiya ke barbaɗawa a dafa-duka ita ma ta wannan hanya ta zo: Turawa ne suka sa aka haɗa musu kayan ƙamshi a gwangwani ɗaya don su tafi da ɗanɗanon Indiya gida, alhali a can kowace miya da nata haɗin. Ka daɗe kana cin ƙanin wannan abinci, yau za ka gaisa da yayansa.

Idan a Landan ne, ga sunayen da yaro zai iya ambata. Veeraswamy a titin Regent, wanda Edward Palmer, shi ma mai jini biyu, ya buɗe a 1926, ya fi kowane gidan abincin Indiya daɗewa a ƙasar. Chutney Mary an buɗe shi a 1990 da wannan girkin gauraye. Gymkhana kuwa na 2013 ne, an ƙawata shi irin kulob ɗin da hafsoshin Ingila ke taruwa a Indiya bayan wasan holo, wasan da Katsinawa suka karɓa suka riƙe. Wanda ya fara gwada wannan sana'a a birnin wani mutumin Patna ne, Sake Dean Mahomed, a 1810, kuma cikin shekara biyu jarinsa ya karye. Ɗan kasuwa ya san zafin wannan, sai ka yi wa na yanzu fatan alheri kana shiga.

Ana kama tebur tun kafin ranar, kuma ƙarfe bakwai ƙarfe bakwai ne. In ka tsaya gaisawa da duk ɗan Arewan da ka haɗu da shi a hanya, za ka tarar an ba wani kujerarka. Yi sallar da ta kama ka kafin ka zauna, don cin nan yana ɗaukar awa biyu, wani lokaci uku. Sa babbar rigarka da zannarka, babu wanda zai fi ka cika ido a ɗakin. Sai dai ka naɗe hannun rigar a kafaɗa sosai, domin kurkum in ya taɓa farar shadda, har mai wanki da guga sai ya yi maka jaje.

Kana zama za a shimfiɗa maka farin ƙyalle a cinya, a ajiye wani abu fale-fale mai ƙaras-ƙaras da 'yan kwanoni uku ko huɗu. Papadam ke nan, na garin wake ne irin nasu, kwanonin kuma catni ne: na mangwaro mai zaƙi, koren na na'a-na'a, baƙi-baƙin na tsamiya. Wannan buɗe baki ne kawai. Kada ranka ya ɓaci ka raɗa wa yaro, "Yanzu wannan ne abincin da ka taso ni tun daga Mubi?" Abinci na tafe. Kada kuma ka cinye kwando uku ka toshe wurin da biryani zai zauna.

Mai kawo abinci ba a kiransa da tsaki ko tafi. Haɗa ido da shi ka ɗaga yatsa, zai zo. In Ba'indiye ne, ka tambaye shi abu ya kaɗa kai gefe da gefe, kada ka ɗauka ya ƙi. Amsawa ya yi. Ka sha ganin haka a finafinan Dharmendra, wanda mutanenmu suka naɗa Sarkin Ƙarfi, da wajen malaman lissafi 'yan Indiya da suka cika sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau. Masu wannan girki Kiristoci ne, don haka naman alade da giya na cikin tukunyarsu ta asali. Bindalu, wanda sunansa ke da daɗin faɗa, daga Goa ya fito, yankin da Fotugal ta riƙe har 1961, kuma asalinsa da alade ake yi. Yau ana yin sa da kaza ko rago, amma tambaya wajibi ce. Sopotel kuwa alade ne tsantsa, tsallake shi. Wasu kayan zaƙin ana ɗiga musu barasa. Ka yi tambaya uku ba tare da jin nauyi ba: naman yankan Musulmi ne, akwai alade a ciki, an sa giya? Babu wanda zai ga ƙauyancinka. Sun saba da Bahindun da ba ya cin nama ko kaɗan, da mabiyin addinin Jain da ko albasa ba ya ci, kuma yawancin ƙananan gidajen kori na Ingila Musulmin Bangaladash ne ke da su, mutanen Silhet. In amsar ba ta kwanta maka ba, kifi da ganye da cukunsu da ake kira fanir sun ishe ka ƙoshi.

Abu na biyu zai ɗan sosa maka rai: da wuya ka ga naman sa. Bahindu na girmama saniya, gidajen da yawa ba sa kusantar namanta. Ka daure. Kada ka soma ba mai kawo abinci labarin bijimai nawa ka tura Kudu makon jiya, ka bar wannan hira sai kun fito.

Me za ka zaɓa? Ni dai ina tura ka ga miyar jirgin ƙasa. Jirgin fasinja ya fara tafiya a Indiya a 1853, daga Bombai zuwa Tane, kuma kukun jirgi ne suka daidaita wannan miya don matafiya: naman akuya ko rago da dankali, da tsamiya ko ruwan kal don kada ta lalace a doguwar hanya, wani lokaci da madarar kwakwa don harshen Bature ya iya ɗauka. Za ta zo a ƙaramar tasa tana tururi, mai ja ya taso a gefe, naman ya yi laushin da cokali ke raba shi. Kafin ka kai baki hancinka zai fara kiran sunaye: ga citta, ga kanumfari, ga kirfa, ga tafarnuwa, can ƙasa ga man shanu. Duk 'yan gida ne. Sai kazar gidan saukar baƙi, wadda ke zuwa da dafaffen ƙwai da dankali a cikin romo. A gidajen da ma'aikatan gwamnati ke yada zango a hanyoyin Indiya, baƙo na sauka daga doki kuku ke bin kaza da gudu a tsakar gida, kafin baƙo ya gama wanka ta nuna. Turawa suka yi mata laƙabi da mutuwar fuju'a. Duk wanda ya taɓa sauka gidan Goggonsa a Maiha ko Madagali ba da sanarwa ba ya ga irin wannan gudu, kuma ya san daɗin wannan kaza.

Za a tambaye ka yawan yajin da kake so. Na san jinin, za ka ce a zuba duka. Ka ce matsakaici. Yajin tsire a leɓe yake tsayawa, wannan kuwa lallaɓowa yake yi, sai ka kai loma ta biyar ka ji hula ta yi maka nauyi. In hakan ta faru kada ka bi shi da ruwa, ruwa yaɗa shi yake yi. Nemi lasi, kindirmo ne da aka dama, ko raita, nono da kokwamba. Ƙullin yajin da ke aljihunka kuwa, wanda ba ka tafiya sai da shi, bar shi ya huta har ka ɗanɗana. Kukun da ke kicin ya soya kayan ƙamshinsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacinsa, ya cancanci a ji aikinsa tukuna.

Cokula da wuƙaƙen da aka jera dama da hagu kada su ɗaga maka hankali. Ana farawa da na waje a shigo ciki, shi ke nan karatun. Gurasarsu da ake kira nan, wadda ake mannawa a bangon tanderu, da hannu ake yagarta, da hannun dama ake dangwalar miya, haka su ma suke yi a gidajensu. A nan kai ne malami. Abincin ma a tsakiya ake ajiye shi kowa ya ɗiba, don haka in ka ga tasa ƙarama kada ka ja ta gabanka. Biyar ko shida za su zo, a haɗu a kansu. A cikin biryani za ka ci karo da wata koriyar ƙwaya, irin wadda Larabawa ke jefawa a gahawa, da sandar kirfa da ganye busasshe. Ture su gefen faranti, aikinsu ya ƙare tun a tukunya.

In an gama za a iya kawo ƙaramin kwano da ruwan ɗumi da yankin lemun tsami yana yawo a kai. Na wanke yatsu ne, Alhaji. Ga wanda ya sha yaji yana kama da rahama, amma na wanke yatsu ne.

A kayan zaƙi ka ɗauki kulfi mai sanyi, ko kastad mai ƙonannen sukari, sannan shayi mai citta da madara.

Sai takardar kuɗi. In kai aka gayyata, kada ka leƙa. Na san kanka zai fara lissafi da kansa, yana mayar da kowane faranti 'yan awaki, amma yaron nan ya daɗe yana tara kuɗin wannan dare don ya ga Baffansa ya zauna an yi masa hidima. Ka ce, "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka," ka ga yadda fuskarsa za ta yi. In kai ne mai biya, ka sani ba a tayi, ba a cewa a rage. A Landan galibi sukan ƙara kashi 12.5 cikin 100 na hidima, a Najeriya akwai harajin kashi 7.5 ban da na hidimar, don haka duba ƙasan takarda kafin ka ƙara tukuici. Abin da ya rage a tasa ka ce a ɗaure maka, ba abin kunya ba ne, almubazzaranci ne abin kunya. 'Yan ƙwayoyin da ke cikin faranti a bakin ƙofa na gyara baki ne, ɗebi kaɗan ka tauna.

Kafin ka fita ka ce a miƙa gaisuwarka ga kuku. Tun daga kukun bariki har zuwa na yau, masu wannan girki a bayan labule suka yi aikinsu, sunan maigida ake ji. In ya leƙo, ka ce masa sannu da aiki yadda ake faɗa a gida, zai gane ko ba tafinta.

Tsarabar Hajiya kuwa ka sayo mata kayan ƙamshin da ba a niƙa ba, kusbara da kamun da koriyar ƙwayar nan, sauran duk akwai su a kasuwar Mubi. A soya albasa a man shanu har ta yi ja, a zuba citta da tafarnuwa da kurkum da dakakken kayan ƙamshi, a juya naman ɗan akuya a ciki har ya kama, a tsaida ruwa, a rage wuta. In ya kusa nuna a tace tsamiya kaɗan a zuba. Dankalin a sa shi daga baya, kada ya narke.