A Rumfar Bakanike Ranar Kasuwa

A Ingila akwai ranakun da ake buɗe filin tsere irin Silverstone ko Donington Park ga kowa da kowa. Ka biya kuɗi, ka zo da babur ɗinka, ka yini kana zagaye. Masu wannan harka ba sa taɓa inji sai sun gama da taya da birki da shokozoba. Mu a ƙasar Birnin Gwari filin tserenmu jar hanya ce mai ramuka, abin hawanmu kuwa Bajaj Boxer ɗan Indiya ko Jincheng ɗan Sin. Amma wajen ƙara wa babur kaya ba mu bar wa Bature ba. Samu benci a rumfar bakanike ranar kasuwa ka sha kallo.

Mai salansa ne ke fara isowa. "Oga, a fasa mini ita, ba ta magana." A zare mata 'yan ciki, ya murza, kaji su watse. Gudu bai ƙaru da taku ɗaya ba, shi dai kunnensa ya gaya masa ya ƙaru. A can Ingila sai an auna ƙarar babur kafin a bar shi ya shiga fili. A nan ma'aunin dattawa ne, don a ƙasar da rugugin babura daga daji ya sha sa mata barin tuwo a kan murhu, wannan wasa ba ya ba kowa dariya. Yana wucewa za ka ji an ce, "Kai, ɗan gidan wane ne wancan?" Kafin magariba maganar ta kai wa ubansa.

Sai mai leda. Shekara uku da sayen babur, ledar kamfani tana nan a kan sit, ta yi baƙi ta yage, ya bi ta da salatif. Ya shimfiɗa kafet a kan tanki, ya rataya tuntaye a hannu, ya sa fitilu masu launi da hon ɗin tirela. Tambaye shi yaushe rabonsa da juye baƙin mai, sai ya shiga goge madubi.

Wanda nake cire wa hula shi ne mai kariya. Manomi ne, ba ruwansa da ado. Ya je wurin mai walda an ƙara masa rodi a baya, ya ninka shokozoba, ya sa siroket babba a ƙafar baya. Ya san sarai gudu zai ragu, ƙarfin ja ya ƙaru, kuma abin da yake nema ke nan. Buhun masara uku zai ɗora, kowane kilo 100, shi kuma ya matsa ya zauna a kan tanki, gwiwoyinsa na gogar hannun babur. Tun da aka sake buɗe kasuwar Kara ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, har tumaki yake ɗaukowa, a ɗaure, suna leƙen hanya ta ƙarƙashin hammatarsa. Laifinsa ɗaya: duk wannan lodi, birkin nan dai na ranar da aka fito da babur daga kwali ne.

Mai tsimi kuwa cire tallafin mai na watan Mayun 2023 ne ya haife shi. Kullum da sukundireba a aljihu, yana matse kabureta. In ya zo gangara ya kashe inji. Man da ke shiga ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi, fulogi ya ƙone, abin da ya tara na wata biyu ya miƙa wa mai ringi da fistin.

Ɗan wasan biki shi madubi yake fara kwancewa, wai yana tare iska. A nan ya yi daidai da Bature, don su ma a filin tsere sukan cire. Sai dai Bature na cikin rigar fata da hular kwano, namu kuwa silifas ne da baƙin tabarau.

Kada a manta da malamin benci. Ya sayar da nasa a 2021, lokacin da gwamnatin El-Rufa'i ta hana hawan babur na wata uku, kuma har yau bai maye ba. Amma babu inji da zai tashi bai faɗi ciwonsa ba. "Sarƙa ce." In aka duba aka ga fulogi ne, ya ce ai abin da yake nufi ke nan.

Can da la'asar wani dattijo ya turo nasa, ba tuntu ba kafet. "Yaro, sabon birki nake so gaba da baya, da tayar gaba." Rumfa ta yi tsit. Bakanike ya tona ƙasan akwati ya zaro kwalin birki, ya hure ƙura, ya dubi dattijon da kyau.

"Baba, lafiya dai? Ko sayarwa za ka yi?"