Motar Alhaji Tana Kan Ruwa

Tunda Alhaji ya yi odar mota daga Amurka, ya zama masanin teku. Bayan kowace salla yakan zaro waya, ya nuna wa jama'ar unguwar Nima wani ɗigo a tsakiyar Atlantika. "Ga ta nan." Sai a ce Allah ya sanya alheri.

Ranar da ɗigon ya tsaya a Abidjan, Alhaji bai ci tuwo ba. An share ƙofar gida, an sallami akuyar da ke kwana wurin. Wani ɗan'uwa daga Maamobi har ya kama kujerar gaba.

Jirgi ya iso Tema lafiya. Ejan ya kawo lissafin kwastam. Alhaji ya karanta, ya gyara hula, ya ce ai trotro, motar haya, ma tana ƙara zumunci.