Jama'ar Falo a Daren Kallo

Da an idar da sallar isha'i aka kunna talabijin, falon gida ya zama gidan wasa mai zaman kansa. Arewa24 ce, ko fim ɗin Indiya mai fassarar Algaita, ko wani abin da aka turo a filas daga shagon masu turi, duk ɗaya ne: rabin nishaɗin daga bakin masu kallo yake fitowa, haka ma rabin ɓacin ran.

Wanda ya fi kowa shan tsinuwa shi ne wanda ya riga ya gani. Ya kalli shirin a YouTube tun da rana, amma sai ya zo ya samu wuri a gaba, ya harɗe ƙafa, ya yi alkawarin ba zai ce komai ba. Kuma da gaske ba ya cewa komai na kusan minti uku. Daga nan sai ya fara gyaran murya, ya fara "hmm", ya dubi na kusa da shi yana murmushi. "Ku dai lura da wannan direban." Shi ke nan, an gama da direba, kowa ya san shi ne munafukin. In aka yi masa ca, sai ya ce ai bai faɗi ƙarshen ba. Ƙarshen ma yana nan tafe, domin irin wannan mutum cikinsa ba ya riƙe sirrin da ya wuce tallar sabulu ɗaya.

Kusa da shi akwai mai tambaya. Ita ba ta iso ba sai da aka yi nisa, kuma ba ta ga laifin a tsayar da komai a yi mata bayani ba. "Wannan wace ce? Matarsa ce? To waccan ta ɗazu fa?" Lokacin da aka sauya 'yar wasan da ke fitowa a Sumayya cikin Labarina, Fati Washa ta karɓi gurbin Nafisa Abdullahi, masu irin wannan hali sun sha wuya, waɗanda ke zaune kusa da su sun fi su sha. Kana cikin yi mata bayanin dangantakar mutum huɗu, sai abin da kowa ke jira ya faru ya wuce, ta juyo ta ce, "Me ya ce?"

Ni dai a wurina babu kamar tsohuwar gida. Hajiya ba kallo take yi ba, shiga take yi cikin maganar. Ita mutanen shirin Daɗin Kowa maƙwabta ne da Allah ya haɗa ta da su, ta san halin kowa, ta san wanda ya gaji rashin kunya a wajen uwarsa. In Adama ta taso wa Kamaye da masifa, Hajiya tana gefe tana ba shi haƙuri: "Yi shiru, ɗan nan, kada ka tanka mata." In mugu ya laɓe a bayan ƙofa, ta ɗaga murya ta gargaɗi yarinyar, in yarinyar ta shiga duk da haka, sai ta tafa hannu ta ce, "Ai na faɗa miki." Tana riƙe da carbi, rabin jan tasbihi ne, rabi kuma Allah ya isa ce ga kishiyar da ta zuba magani a miya. Kada ka kuskura ka ce mata wasa ne. Ta sani sarai, ta riga ka sanin talabijin, tun zamanin Samanja Mazan Fama da Karkuzu take kallo. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a ce mutum ya iya mugunta haka da kyau alhali babu ita a ransa. Duk wanda ya taɓa fitowa a azzalumi, ko bayan shekara goma ya fito a limami, Hajiya za ta ce a bi shi a hankali.

Akwai kuma injiniyan gida, wanda Allah ya hore masa sanin abin da ba zai yiwu ba. Jarumin Indiya ya daki mutum ɗaya, mutum bakwai sun tashi sama, mota ta wuntsila. Kowa na ihu, shi kuwa yana girgiza kai. "Ƙarya ne. Igiya ce." Ya ƙirga harsashin bindiga ya ce ya kamata a ce sun ƙare tun ɗazu. Ya gano cewa rigar da jarumar ta shiga ɗaki da ita ba ita ta fito da ita ba. Abin mamaki, bai taɓa fashin kallo ba, kuma in bos ya kama akta yana jibga, za ka ga shi ma ya matso bakin kujera, duk da shi ne ya koya wa yaran gidan cewa akta ba ya mutuwa.

Mai dariya kala biyu ne. Na farko ba ya jiran a yi abin dariyar. Da fuskar marigayi Rabilu Musa Ibro ta bayyana, ko Bosho ya leƙo, ya fara tuntsurawa, yana dukan cinyar wanda ya yi rashin sa'ar zama kusa da shi. Ibro ya rasu tun 2014, fina-finan nan an kalle su har an haddace, amma mutumin nan dariyarsa sabuwa ce kullum, kuma saboda ƙararta babu wanda ya taɓa jin ainihin abin da aka faɗa. Na biyu sai kowa ya gama, an koma shiru, an shiga wurin da ake zaman makoki, sannan zancen ya isa gare shi.

Rikici na gaskiya kuwa a kan waƙa yake tashi. Ɓangare ɗaya na ganin waƙa ɓata lokaci ce, da an fara kiɗa hannu ya kai ga rimot. Ɗaya ɓangaren kuma domin waƙar suka zauna, labarin ne ma yake tsare musu hanya. Tun zamanin kaset ɗin Sangaya da Wasila ake wannan shari'a, har yau ba a yanke hukunci ba. Wanda ke riƙe da rimot shi ne alƙali, shi ya sa ƙaramin yaron gida yake zama a kansa, a yi ta nema ana ɗaga matasai yana taya nema.

Mai barci ba ya cutar kowa sai an taɓa tasha. Munsharinsa ya danne muryar talabijin, kansa ya karye gefe guda, amma kana sauya tasha ido zai buɗe: "Ina kallo fa."

Sai maigida. Shi a hukumance ba ya kallon shirme. Labarai yake kallo, sai tafsiri, sai ƙwallo in ta kama. Zai shigo daga masallaci ya tarar ana Gidan Badamasi, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce, "Ku ba ku da aiki sai wannan?" Ba zai zauna ba, domin zama amincewa ce. A tsaye zai yi rabin awa, hannu a bayansa kamar mai duba aikin gini, gefen bakinsa yana rawa yana danne shi. In dariya ta ci ƙarfinsa sai ta fito a siffar tari. Matsalarsa ɗaya ita ce fim ɗin Indiya, inda saurayi da budurwa kan matso kusa da juna ba sallama. Nan take falo ya yi tsit, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa, babbar yarinya ta tuna ta bar wani abu a kan wuta, shi kuma ya aiki yara uku ɗebo ruwa kofi ɗaya. Kwana Casa'in kaɗai ya halatta wa kansa a fili, wai shi siyasa ce, akwai darasi. Yakan yi sharhi a kan Bawa Maikada na cikin shirin da zafin da ba ya yi wa gwamnan jiharsa.

Ranar da tafiya ta hana shi tsayuwar bakin ƙofa, zai dawo ya ci tuwo, ya tambayi lafiyar kowa, ya yi faɗa a kan kuɗin wuta. Sai can da dare, bayan yara sun watse, ya dubi uwargida yana saɓa babbar riga, ya ce cikin muryar wanda abin bai dama ba, "Wai ni yaran tsohon nan Badamasi, sun samu kuɗin kuwa?"