Ku Bar Min Fijo Tawa

To jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na ji ku. Tun ranar da aka hango yara suna tura motata a kwanar Sheme, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce in sayar wa 'yan gwangwan, wani ya ce in kwance tayoyin in mai da ita akurkin kaji. Har wani ɗan'uwa na Sabuwa, wanda ko keke sai ya ara, ya aiko min saƙo: "Malam, ka bar tsohuwa ta huta."

Tsohuwar da kuke rainawa Peugeot 504 ce. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, kuma nan Kakuri a Kaduna aka yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru. A 1975 ita ta lashe tseren Safari na Kenya, a 1978 'yar'uwarta mai ƙofa biyu ta maimaita. Na san za ku ce waccan ta tsere ce, tawa ta ɗaukar buhunan masara. Na yarda. Amma ɗan sarki ko ya koma noma, ai jinin yana nan.

Laifinta biyu kuka kama. Na farko geji. Gaskiya ne, allurar mai takan nuna tanki cike alhali ko lita biyu babu, ta zafi kuwa rawa take yi kamar ta ji kalangu. Kuka yanke hukunci wai injin ya gama. Alhaji, me ya haɗa allura da inji? Wani dare na kunna fitilun gaba, sai na ga alluran biyu sun zabura tare. Allura biyu ba sa haukacewa lokaci ɗaya sai in abu guda suke sha. Na kai wa mai wayarin, ya leƙa bayan allon, ya tarar wayar da ke ɗaure da jikin mota ta yi tsatsa, ta saki. Ya kankare, ya ɗaure. Kuɗin aikin bai kai na tsire ba.

In kana son ka san ko agogon zafi ne ya mutu ko ɗan ƙarfen da ke auna zafi a kan inji, zare wayar ɗan ƙarfen ka taɓa jikin mota da ita, makulli na kunne. Allura ta tashi, agogo lafiya lau, ɗan ƙarfen za ka canja. Na mai kuwa, wani abu kamar ɗan gora ne ke yawo a kan fetur cikin tanki. In ya huje ya nutse, ko ka cika ta har baki, allura tana kwance.

Na biyu silo. Da na ɗage ƙafa daga totur sai ta yi tari ta mutu. Nan ne ba na wasa, domin duk mai bin hanyar Yankara ko ta Dandume ya san ba wurin da mutum zai so mota ta mutu masa da magariba ba ne. Wani bakanike ya ce abu mai sauƙi, ya murɗa sukurun totur, inji ya hau gurnani. Ta daina mutuwa kam, sai dai ta koma shan mai kamar raƙumi ya iso rijiya. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, wa ke da kuɗin irin wannan maganin?

Wani dattijon bakanike a Funtuwa ne ya yi aikin gaskiya. Ya kwance kafireto, ya zaro jet ɗin silo, ya ɗaga shi sama ya ce in leƙa. Ramin da bai fi bakin allura ba ya toshe da ƙurar hunturu da dattin man 'yan bumburutu. Ya wanke, ya hura. Ya gano robar da ta taso daga burki ta tsage tana zuƙar iskar banza, ya canja ta. Ya buɗe dilko ya daidaita kwantak a kan milimita 0.4. Da ya tayar, sai ka rantse keken ɗinki ne.

Ku kuma masu Golf da Corolla, kada in fara. Na shiga motar ɗaya daga cikinku, na ga ya liƙe fitilar gargaɗi da baƙin salatif don kada ta dame shi. Ni dai allurata ƙarya ta riƙa yi min, kai taka gaskiya ta faɗa ka toshe mata baki. Rabinku ma an cire muku tamostat tun ranar saye, kuna murna wai mota ba ta zafi.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, mu haɗu a tashar Ƙanƙara da hantsi, in kai shi Faskari kyauta. Sai dai ya zo da takalmi mai ƙwari, don batir ɗin ban canja ba tukuna.