Ruwan Ido a Adjamé Saint-Michel

Ruwan ido ne ciwona, kuma gara in faɗa da bakina kafin 'yan unguwa su faɗa a bayan idona. Duk wanda ya taɓa bin layi a bayana wurin mai garba ya san haka. Garba dai acake ne, wato dambun rogo, da soyayyen kifin tuna, abincin da 'yan'uwanmu na Nijar suka shahara da sayarwa a Abijan, kuma al'adar wurin ita ce ka ɗauki cokali mai yatsu ka soki yankan kifin da ranka ya kwanta da shi. Jama'a su soka su wuce. Ni kuwa in juya wannan, in ɗaga wancan, in tambayi kuɗin na uku, har mai garba ya gaji ya ce, "Malam, duk daga tukunya ɗaya suka fito fa." To abin da nake yi wa kifi shi na yi wa dukiyar Kawuna, kuma wannan ba na dariya ba ne, ko da yake kowa dariya yake yi.

Kawu ɗan kasuwar goro ne. Daga Anyama yake ɗauko kaya, a yi lodi zuwa Maradi da Kano, shagonsa kuma yana nan Adjamé Saint-Michel, ba nisa da cocin da unguwar ta ci sunansa. Sana'ar goro rabinta bashi ce da amana: wane ya ɗauki huhu kaza, zai biya bayan Sallah, wane ya ba da rabi, saura sai mota ta dawo. Da can littafi ne ke riƙe da wannan duka. Ni ne na zo da wayewa, na kwashe komai na zuba cikin kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, har da hotunan rasit da takardun kwastan. Ni ne kuma na tsorata Kawu da labarin gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, na ce masa mutane da yawa ba kaya kawai suka rasa ba, har da shaidar bashin da suke bin wasu. Na ce lallai mu sami na'ura ta biyu wadda aikinta kawai ta riƙa ajiye kwafin lissafinmu kullum. Kawu bai yi gardama ba. Ya zura hannu aljihu ya ƙirgo sefa ya ba ni.

Sayen na'urar bai ba ni wuya ba, don mai shagon bai ba ni zaɓi ba, guda ɗaya ta rage masa. Tsohuwar kwamfutar ofis ce, irin kayan da a nan ake wa kirari da France au revoir. Na ɗauko ta a kai, na ajiye ƙarƙashin tebur, na goge mata ƙura. Abin da ya rage shi ne in zuba mata babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, wadda manhajar ajiyar kwafi za ta hau kai. Aikin yini ɗaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, na'urar tana nan tana jiran in gama shawara.

Windows na fara dubawa, tun da ita muka saba da ita, kuma tana da nata tsarin ajiya mai suna File History tun 2012. Ka haɗa faifai, ka danna, shi ke nan. Amma sai na tuna WannaCry, ƙwayar cutar da a watan Mayun 2017 ta bi kwamfutocin Windows a ƙasashe kusan 150 tana kulle bayanai tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Na ce idan na'urar aiki da na'urar ajiya duk jinsi ɗaya ne, cuta ɗaya za ta kwashe su tare. Ga shi an riga an sanar cewa tallafin Windows 10 zai ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro, TPM 2.0, wanda tsohuwata ba ta da shi. Hujjoji ne na gaskiya, ban ƙirƙiro ko ɗaya ba. Abin da ya sa ciwona ke da wuyar magani ke nan: kullum da hujja mai kyau yake zuwa.

Sai na juya wajen Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma kyauta ce. A nan ne ruwan ido ya sami gida. Linux ba ɗaya ba ce, zuriya ce. Ga Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Duk shekara biyu a watan Afrilu takan fitar da bugu mai dogon zango da ake kula da shi shekara biyar. Na ce wannan tamu ce, ɗan nahiyarmu ya assasa ta. Na sauke ta. Ina cikin murna sai na karanta cewa a kan Debian aka gina ta, wadda Ian Murdock ya fara tun 1993, wadda masu harkar suka sani da rashin garaje da rashin son kwalliya. Na ce me zai kai ni wurin 'ya alhali uwar tana raye? Na sauke Debian 12. Kafin in sa ta sai na ji ta 13 tana tafe, na ce ai rashin hankali ne mutum ya yi gini yau ya rushe gobe, bari in jira. Debian 13 ta fito a watan Agustan 2025. Sai na ce sabon abu ba a yi masa gaggawa, a bari wasu su fara cin karo da kurakuransa.

Tsakanin wannan jira da wancan na kamu da son TrueNAS, manhajar da aka yi musamman don rumbun ajiya. Abin da ya ja ni shi ne tsarinta na ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005. Shi wannan tsari, duk ɗan guntun bayanin da ya rubuta sai ya yi masa hatimin lissafi, ranar karantawa ya sake gwadawa. Idan faifai ya fara ruɓewa a ɓoye zai gane, idan kuma akwai faifai na biyu mai kwafi iri ɗaya zai gyara da kansa. Ga mai zama a garin da danshin teku ke cin ƙarfe kamar Abijan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tana son ƙwaƙwalwar aiki aƙalla giga 8, tawa 4 ce, kuma tana son faifai biyu, nawa ɗaya. Sannan na tarar ita ma kashi biyu ce a lokacin, wata a kan FreeBSD, wata a kan Linux. Wato na gudu daga zaɓe na faɗa cikin wani zaɓen. Raspberry Pi ma ta ɗauke min hankali na ɗan lokaci, 'yar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ba ta cin wuta, har na ji cewa ɗan katin da take aiki da shi yakan lalace in aka ɗauke wuta tana tsakar rubutu. Na koma binciken batirin riƙe wuta. Shi ma iri-iri ne.

Ban ma zo kan manhajar ajiyar kanta ba: rsync ta 1996, Borg, restic, Duplicati. Kowace na san amfaninta da aibinta kamar 'yar ɗakinmu. Ko ɗaya ba ta taɓa ganin lissafin Kawu ba.

Wani dare na tsallaka gada zuwa Treichville wurin wani abokina mai gyaran kwamfuta, na baje masa dukan wannan ilimi ina jiran ya yaba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Abokina, in ka tafi Maradi biki, wa zai kunna ta? In ta tsaya, wa zai gane ta tsaya?" Na ce wannan tambaya ce mai muhimmanci, zan saka ta cikin abubuwan da nake nazari. Ya dube ni ya ci gaba da kwance injin da ke gabansa.

Akwai labarai biyu da nake yawan bayarwa a majalisa bayan Isha'i, kuma yanzu na gane don kare kaina nake ba da su. Na farko na Maersk ne, babban kamfanin jiragen ruwan Danmak da kwantenoninsa ke cike da tashar Abijan. A watan Yunin 2017 ƙwayar NotPetya, wadda ta taso daga Yukren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ta shafe kwamfutocinsa a faɗin duniya. Manyan na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga, kusan 150, duk suka tafi lokaci guda, don kowace kwafin 'yar'uwarta ce kuma duk a haɗe suke. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, guda ɗaya tak ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin cutar ta iso. A Ingila ake buƙatar faifanta, ma'aikatan Gana kuma ba su da biza, sai ɗaya ya kai faifan Najeriya ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Shugaban kamfanin ya ce sun sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan na'urori 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Na biyu na GitLab ne, a ƙarshen Janairun 2017: ma'aikaci ya goge bayanai kusan giga 300 bisa kuskure, aka duba hanyoyin ajiya biyar da suke da su, ba wadda ta yi aiki yadda aka zata, sai wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ya cece su.

Darasin da mai hankali zai ɗauka a fili yake: kwafi ya kasance a ware, ba a jone ba, kuma a riƙa buɗe shi ana gwadawa. Ni darasin da na ɗauka daban ne. Na ce kun gani, manya ma sun yi kuskuren zaɓe, don haka dole in ƙara natsuwa. Har na taɓa cewa a raina, tun da rashin wuta ne ya ceci Maersk, tawa da ba a taɓa kunnawa ba ai ta fi kowace tsaro a Kwaddibuwa. Gaskiya ne. Ba ɓarawon intanet da zai iya satar abin da babu.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san amsar, har ina rabawa. Wani maƙwabcinmu mai sayar da atamfa ya tambaye ni irin wannan tambaya, ban yi minti biyu ba na ce masa: ga ƙaramin shago, sa Ubuntu mai dogon zango ko Debian, ko ma ka zauna kan Windows ɗin da yaranka suka iya, ka sayi faifai biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, ka riƙa musanya su, kuma wata-wata ka buɗe kwafin ka tabbata yana buɗuwa. Mutumin ya gama kafin La'asar. Har tukuici ya aiko min.

Kawu mutum ne mai kawaici, amma ranar nan ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ce, "Ɗana, ina maganar na'urar nan?" Na ce, "Kawu, ana kan bincike." Ya ce, "Wani abu aka sace?" Na ce a'a, manhaja ake tantancewa. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya," ya fita salla.

A ranar ce 'yarsa, taubashiyata, wadda ba ta kirana da komai sai Injiniya, ta tona min asiri a gaban yaran shago. Ashe tun lokacin da na fara bincike, duk Juma'a in an tashi sai ta kwafe jakar lissafin a filash, ta jefa a jakarta ta tafi da shi gida Treichville, sannan ta tura wa yayanta na Maradi ta WhatsApp, shi kuma ya buɗe don ya san wa zai bi bashi a can. Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Ta cika ta kaf, har da gwajin buɗewa duk mako, ba ta taɓa jin sunanta ba. Ta ce, "Injiniya, in ka gama karatun ka gaya min in huta."

Mai kunya zai yi shiru. Ni sai na fara nuna mata gibin da ke cikin tsarinta: kwana bakwai tsakanin kwafi da kwafi ya yi yawa a lokacin cinikin Sallah, kuma filash ɗin ba a kulle yake ba, in ya faɗi a motar haya ta gbaka duk wanda ya tsinta zai san sirrin bashin rabin 'yan goron Adjamé. Ta yarda gaskiya ne. Ta ce to in kulle mata shi. Na ce ba matsala, sai dai akwai BitLocker akwai VeraCrypt, kuma kowanne da inda ya fi. Yaran shago suka fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki.

Don haka ga roƙona ga masu shagunan kwamfuta na Adjamé da Treichville. In kun ga wani dogo ya shigo yana tambayar bambancin faifan kaza da faifan kaza, yana jujjuya kwali yana karanta bayansa, ni ne. Kada ku nuna min na biyu. Ku miƙo guda ɗaya, ku karɓi kuɗinku, ku ce Kawu na kirana.