Ku da Kuke Cewa Fim ɗin Zombi Wasan Yara Ne

Na san ku sarai, gwanayen musu na majalisa. Da an ambaci fim ɗin zombi sai ku taɓe baki: "Gawa ta tashi tana tangaɗi? Ai Gizo da Ƙoƙi ne na Turawa." Wani har ya bugi ƙirji, wai shi da ya sha kwana a gona shi kaɗai, wane fim zai razana shi? Sannu, namijin duniya. Zo ka ji labarin Pontypool.

Fim ne ɗan Kanada na 2008, Bruce McDonald ya ba da umarni, Tony Burgess ya rubuta shi daga littafinsa. Babu kuɗin manyan kamfanonin Hollywood a ciki, kuma kusan gaba ɗayansa a wuri guda aka yi shi: ɗan gidan rediyo a ƙarƙashin wata coci, a wani ƙauye na lardin Ontariyo, ana tsakiyar ƙanƙara. Stephen McHattie ne ya fito a Grant Mazzy, mai gabatar da shirin safe, mutum mai baki kamar reza.

Na ji ku: "To ina jinin? Ina gudun?" Ku kwantar da hankali. Yawancin bala'in ba a nuna shi, ji ake yi. Wakilin tashar yana bugo waya yana ba da labarin taron mutanen da suka afka wa asibitin wani likita, muryarsa na rawa. Wannan wakili kullum ana ce wa masu sauraro yana cikin jirgi mai saukar ungulu, alhali a motarsa yake zaune bisa tudu, ana kunna ƙarar jirgi. Daga nan za ka fara shakkar duk abin da rediyon ta faɗa, kuma nan tsoron yake.

Cutar kuwa ba ta cizo ake ɗaukarta ba, cikin magana take. Kalma ce za ta maƙale wa mutum, ya yi ta nanata ta har ma'anarta ta ɓace masa, hankalinsa ya gushe, ya far wa na kusa da shi. Ma'aikaciyar tashar, Laurel-Ann, tana tsaye lafiya lau ta kamu, ta dinga gwara kanta da gilashin ɗakin watsa shiri, abokan aikinta na ciki suna kallo, ba damar ko tari.

Ga inda zan sosa muku. Turanci kaɗai cutar ke bi, musamman kalmomin soyayya, ranar kuma ta masoya ce. Ku da ba kwa iya jimla uku ba ku tsoma Turanci ba, masu kiran budurwa "bebi" tsakar dare, ku ne za a fara rasawa. Kaka a ƙauye ko atishawa ba za ta yi ba. Ku kuma masu cewa sai an fassara za ku kalla, gargaɗi ya shigo tashar da Faransanci, aka juya shi zuwa Turanci, Mazzy ya karanta shi kai tsaye, sai a ƙarshe ya tarar saƙon na cewa kada a fassara shi.

Ku neme shi ku kalla da dare, ku ajiye waya, ku buɗe kunne. Wanda ya gama bai waiwaya ba ko sau ɗaya, ya zo majalisa, shayinsa a wuyana.